Zama Huɗu a Kan Tabon Ƙuna

Sau uku ina zuwa ƙofar shagon nan na Kongo ina wucewa ban shiga ba. Ranar farko na tsaya wurin mai lemo na sayi abin da ba na buƙata. Rana ta biyu na kai har bakin ƙofa, na ji ƙarar injin busar da gashi da dariyar mata, na juya. Ta uku ko sauka daga keken ban yi ba, na ce wa mai keke ya mayar da ni Tudun Wada, na yi mantuwa a gida. Ya dube ni ta madubi, ya karɓi kuɗin zuwa da na dawowa.

Abin da ke kai ni can tabo ne. Ina da shekara ashirin risho ya fashe a madafinmu, mayafina ya kama, wutar ta ci ni daga kafaɗar hagu har kusa da ƙugu. Wata uku na yi a kwance rub da ciki, Inna ce ke wanke ciwon tana sa magani. Da ya warke sai ya bar mini baya kala-kala: wani wurin fari-fari, wani wurin baƙi ƙirin, wani wurin kuma ya tashi kamar an binne igiya a ƙarƙashin fata. Riga tana rufe shi, hijabi ya rufe rigar, babu mai gani. Amma ni na san yana nan. Na yi aure na shekara huɗu, mutumin bai taɓa cewa uffan a kan bayana ba, bai kuma taɓa kallonsa ba. Ba tabon ne ya raba mu ba. Da na dawo gida muka zauna ni da Inna mu biyu, na kama sana'ar lalle, ina yi wa amare da ƙawayensu zane.

A wurin wani biki na fara ganin abin. Wata ƙawar amarya, Kirista ce ɗaliba a Kongo, ta naɗe hannun rigarta don in yi mata lalle, sai ga wani reshen fure a damtsenta, baƙi da ja. Na shafa na ji ba lalle ba ne. Ta ce tatu ne, zanen allura da tawada a cikin fata, ta yi shi ne a kan tabon ɗinkin da aka yi mata bayan haɗarin acaɓa. Na duba, na ƙara dubawa, ban ga ɗinkin ba sai da ta ɗora yatsana a kai. Ranar na ɓata hannun amarya sau biyu. Kafin a tashi na karɓi kwatancen wurin, na ce wata ce ta aike ni in tambaya mata.

A zuwa na huɗu na shiga. Shagon gyaran gashi ne, amma akwai wani ƙaramin ɗaki a baya mai labule da gado irin na asibiti. Mai zanen mace ce da za ta kai arba'in, Ibo ce, amma a Tudun Wada aka haife ta, iyayenta sun daɗe da shagon kayan masarufi a can. Hausarta ta fi tawa zaƙi. Ta dubi hijabina har ƙasa, ta ce, "Anti, gyaran kai ne?"

Na ce a'a, ɗakin baya nake nema.

Ta ja labule, na cire riga na juya mata baya. Ba ta yi salati ba, ba ta ce wayyo ba, wanda shi ne abin da kowace mace da ta taɓa gani ta yi. Ta sa safar hannu tana danna wurin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Nan kina ji? Nan fa?" Sannan ta ce in mayar da rigata.

"Kin san ba ya fita, ko?"

Na ce na sani.

"Kin san abin da malamanku ke cewa a kai?"

Na ce na fi ta sani.

"To ki je gida ki yi sati biyu. In har lokacin kina so, ki dawo. Ba na son wadda za ta zo ta yi mini kuka bayan an gama."

Ta faɗi kuɗin ina tsaye: zama uku, kowane zama naira dubu arba'in da biyar, tsakanin zama da zama wata guda don fata ta huta. Ta ce tabo ba kamar lafiyayyar fata ba ne, yana iya ƙin tawada, in ya ƙi sai an ƙara zama.

Sati biyun nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye in ɗauki littafin zane. Na cika littafi guda da rassa da ganyaye, ina yagewa ina sakewa. Madubi biyu nake haɗawa in ga inda tabon ya bi, in zana reshe ya bi ta nan, fure ya zauna inda fatar ta fi muni. Na je islamiyyar matan aure ta layinmu na tambayi malamarmu, na ce wata ƙawata ce ke son yi. Malama ta ce haramun ne, babu wani kewaye-kewaye. Na ce to in ta riga ta yi fa, wankanta da alwalarta? Ta ce tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa jiki, amma laifin yana nan sai ta tuba. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta yi haƙuri da jikin da Allah ya bar mata." Na ce zan gaya mata.

Kuɗin kuwa akwai su, sai dai ba nawa ba ne kai tsaye. A watan na ɗauki adashi, dubu ɗari biyu. Inna tana da yanar ido a duka biyun, ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ni da Yaya, yayata da ke koyarwa a wata firamare tana aure a Tudun Jukun, mun yi magana za mu haɗa rabi da rabi a yi mata aiki. Adashin nan shi ne rabina. Na gaya wa kaina cewa zama ɗaya kawai zan ɗiba a ciki, ga lokacin bukukuwa na zuwa, kafin Yaya ta haɗa nata na mayar.

Zaman farko na zayyana layuka ne. Na kwanta rub da ciki, ta manna zanena a bayana da takarda mai barin shaida, ta kunna injin. Ƙararsa kamar ta askin wanzamin zamani ce, sai dai ta fi tsini. A tsakiyar tabon ban ji komai ba, sai girgiza, kamar jikin wata ake yi wa. Amma da allurar ta kai gefe, inda tabo ya haɗu da fata mai rai, sai da na ciji matashin kai. Awa huɗu muka yi. Tana aiki tana ba ni labarin yadda ta karanci zane-zane a makaranta, babanta ya yi shekara ba ya yi mata magana don bai ga abin da za ta ci da shi ba. Ni ko ba na jin rabi. Ƙafata ta dama rawa take ta yi, har ta ce in ban tsayar da ita ba reshen zai karkace.

Da na fito na shiga keke ban iya jingina ba. Na zauna a bakin kujera na riƙe ƙarfe har Tudun Wada, kowane rami muka faɗa sai rigar ta goga. Mai zanen ta rufe mini wurin da leda mai laushi, ta ba ni mai a ɗan kwalba, ta ce a wanke da ruwan ɗumi a shafa safe da yamma. Sai da na isa gida na tuna hannuna ba ya kai tsakiyar bayana.

Na gwada da tsumma a kan muciya, ya ƙi. Kwana biyu wurin ya bushe yana ja kamar zai tsage. A na uku da hantsi na sami Inna a tsakar gida tana jan carbi, na ce, "Inna, tsohon ciwon nan ne ke mini ƙaiƙayi, na sosa har ya ɗaye. Ko za ki shafa mini mai?"

Muka shiga ɗaki. Ta lakaci man, ta fara daga kafaɗa. Hannunta ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya koma baya, ya bi wani layi a hankali har inda ya lanƙwasa.

"Wannan susar taki layi-layi ce," ta ce.

Na ce da tsinken tsifa na sosa.

Ta shafe ko'ina, ta goge hannunta da gefen zane. Da yamma ita da kanta ta kira ni ta ce in kawo man.

Da wata ya cika na koma Kongo, mai zanen ta duba ta yi tsaki. Inda tabon ya tashi kamar igiya duk ya tofar da tawadar, layukan sun yi dishi-dishi, wasu sun ɓace. Ta ce zama na biyu zai tafi ne a maimaita su, kuma yadda ta ga fatar nan, uku ba za su isa ba, sai shida. Na zauna a bakin gadon ina lissafi da yatsu a cikin hijabi. Da na tashi na tafi a ranar, da asarar dubu arba'in da biyar kawai na yi. Amma bayana ya riga ya zama tabo da rabin zane a kai, ya fi da muni. Na kwanta.

Bukukuwan da na dogara da su sun zo, ni ce ban iya su ba. Lalle aikin sunkuyo ne, amarya ɗaya tana cin awa uku, ni kuwa kwana goma bayan kowane zama ba na iya sunkuyawa minti ashirin. Ga zafin bazara, gumi na sauka a kan ɗanyen wuri, hijabi na mannewa. Na mayar da amare huɗu, wata ma har da kuɗin da ta riga ta bayar. Sabulu na musamman, man shafawa da ke ƙarewa duk sati, kuɗin keke, ranar da aka ɗauke wuta a shagon kuma ni na sayi man janareta. Yaya tana kira tana tambayar yaushe za mu kai Inna, ina ce mata uwar adashi ce ta juya layi, sai wata mai zuwa. Na koma fita ba dalili, in je kasuwar Tudun Wada in zaga in dawo hannu wofi, don kawai kada in zauna ina kallon Inna tana laluben butarta.

Kuma duk da haka ina son abin. Wannan ne ban iya gaya wa kowa ba. Bayan zama na uku, da aka sa wa furannin sama launi, ɓawon ya zube, na haɗa madubaina na gani, sai da na zauna a ƙasa. Shekara goma sha huɗu ban kalli kafaɗata na daɗe ba. Ranar na kalle ta har abinci ya kama a tukunya. In na yi sallah ina neman gafara, in na sallame ina ƙirga kwanakin da suka rage a koma.

Sati guda bayan zama na huɗu, ranar Asabar da azahar, ina ɗaki ba riga da madubi a hannu, aka turo ƙofa. Yaya ce. Ta yi sallama a tsakar gida ban ji ba, ta gaishe da Inna, ta wuto kai tsaye yadda ta saba.

Ta tsaya riƙe da labule. Ta ce innalillahi a hankali, ta saki labulen, ta tura ƙofar da bayanta don kada Inna ta ji.

"Lalle ne?"

Na ce a'a.

"Yana fita?"

Na girgiza kai.

Ta zauna a bakin katifa, jakarta a kan cinya. Ban ga ta yi fushi ba tukuna, kamar mai ƙoƙarin tuna wani abu take. Sannan ta ɗago. "Uwar adashi ba ta juya layi ba."

Na jawo rigata na sa.

"Nawa ya rage?"

Na ce dubu ashirin.

"Wata huɗu matar nan tana cin karo da turmi, ƙafarta duk ciwo, ke kina can kina kwance a gaban wata tana yi miki fure. Idon Inna kika kai aka zana miki a baya." Muryarta ƙasa-ƙasa take. Na ce, "Yaya, ki tsaya ki ji," ta ce, "Me zan ji? Ni ma ina nan ranar da kika ƙone, ni na kwara miki ruwa. Kina ganin ban san abin da ke bayanki ba? Da kin zo kin ce mini Yaya abin nan ya dame ni, da mun yi kuka tare. Amma ƙarya? Kowane wata ƙarya?"

Na ɗauko dubu ashirin ɗin a ƙarƙashin akwati na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta fita, na ji tana ce wa Inna ta shirya, ranar Talata za a je asibiti.

Firizarta ta sayar, wadda take yin ƙanƙara da zoɓo tana ƙara wa albashinta. A bakin maƙwabciyarta na ji, ba a bakinta ba. Ranar aikin mun zauna a benci ɗaya a barandar asibiti tun safe har la'asar, ba ta ce mini komai ba sai "riƙe wannan" da "kawo ruwa".

Na kira mai zanen na ce ba zan zo zama na biyar ba, na gaya mata dalili. Ta ce da ta san daga inda kuɗin ke fitowa da ba ta taɓa ni ba. Na ce ai ba ta tambaya ba. Ta ce gaskiya ne, ba ta tambaya ba. Ta ce in na shirya in zo, fata ba ta gudu.

Kwana goma bayan an cire wa Inna bandejin ido na biyu, tana zaune da baƙin tabarau tana ta mamakin yadda bangon gidan ya yi datti, sai ta ce mini, "Zo mu shiga ciki. Rufe ƙofa. Cire rigar."

Na juya mata baya. Ta cire tabaran, ta ce in matsa kusa da taga. Daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya furanni ne da ganye cikakku, daga nan zuwa ƙugu kuwa layuka ne kawai, ba a cike su ba, tabon na leƙowa ta ciki. Ta daɗe. Ina jin numfashinta a wuyana.

"Ke kika zana?"

Na ce ni na zana a takarda, wata ta mayar a jiki.

"Na ga hannunki ne." Ta taɓa wani ganye. "Tun ranar farko na san allura ce. Bayan nan ni na yi jinyarsa, babu tudun da ban sani ba."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba.

"Da na yi za ki fasa? Ciwo ne a jikinki, in ban shafa ba ya ruɓe." Ta mayar da tabaranta. "Kuɗin idona kuma na yafe, wannan tsakanina da ke ne. Na Allah ki nema a wurinsa. Amma iya nan ya isa. Kada ki ƙara."

Na ce, "Inna, ba a gama ba."

"Na gani. Ya isa." Ta miƙe tana dafa bango don sabo, duk da yanzu tana gani. A bakin ƙofa ta tsaya. "Ki je ki shirya da yayarki. Ni na kusa tafiya. In kika riga ta, ita za ta yi miki wanka, don ba za ki so matan unguwa su juya ki su gani ba."

Ban koma Kongo ba. Shekara biyu ke nan, ƙasan zanen yana nan yadda aka bar shi. Malamarmu ta ce tuba sai da nadama. Ƙaryar da na yi wa Yaya da watanni huɗun Inna, waɗannan kullum ina nadamarsu. Zanen kansa kuwa, wata rana ina yi, wata rana na nema in rasa, sai in tashi in kama wani aikin.

Bayan waccan maganar ta Inna, zuwa gidan Yaya ya ɗauke ni sati uku. Na tarar da ita a tsakar gida da tiren wake tana tsincewa, inda firizar take a da an ajiye buhun gawayi. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tsaya na rasa inda zan sa kaina, na zauna a kan tabarma, na tashi, na koma kan kujera 'yar tsugune. Na ce na zo ne in ba ta haƙuri, kuma na shiga sabon adashi, in na ɗauka firizarta ce farko. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Yaranta suka shigo suka gaishe ni suka fita. Na fara tunanin in tashi in tafi.

"Yana ciwo har yanzu?" ta ce.

Na ce ya daina, sai ƙaiƙayi in an yi zafi.

Ta tura tiren tsakaninmu da ƙafa. "Ki tsince wancan gefen. Duwatsu ne fal a ciki."